La'adar wa ce? Yadda manhajojin neman ragi ke karɓe kamashon masu talla a intanet

Duk wanda ya taɓa shiga mota a tashar Maradi zuwa Ɗan Isa ko Damagaram ya san aikin ɗan kamasho. Shi ke tarar fasinja tun daga bakin titi, ya karɓi kayansa, ya shawo kansa, ya kawo shi har gindin mota. To a ce fasinja ya sa ƙafa ɗaya a ciki, sai wani da bai yi ko taku ɗaya ba ya matso ya ce, “Alhaji, dakata in dubo maka ko za a rage kuɗin mota.” Ya je ya dawo ya ce babu ragi. Amma a littafin tasha an riga an goge sunan wanda ya sha rana, an rubuta nasa. A tasha irin wannan ba ta kwana. Kafin mota ta tashi magana ta kai gaban shugabanni.

Abin da ake zargin wasu manhajojin neman ragi da aikatawa a intanet ke nan, shekara da shekaru, ba tare da fasinjan ko ɗan kamashon na gaskiya sun sani ba. Maganar ta fashe a ƙarshen 2024 kan wata manhaja mai suna Honey, mallakar PayPal, kamfanin biyan kuɗi ta intanet na Amurka. Daga nan aka shiga kotuna a Amurka, Google ya sauya dokarsa, miliyoyin mutane suka cire manhajar daga kwamfutocinsu. Samarin da ke neman na kansu ta hanyar tallata kaya a TikTok, YouTube da Facebook sun ji labarin gutsi-gutsi, wasu suka ɗauka satar kuɗi ce daga asusun banki, wasu suka ce rigimar Turawa ce kawai. Duka biyun ba haka ba ne.

Kalmomin da sai an gane su

Dillancin intanet tsohuwar sana'a ce a sabuwar riga. Shago yana ba mai talla wani mahaɗi na musamman, wanda matasa ke kira linki, mai ɗauke da lambarsa. Mai tallan ya sa shi a ƙarƙashin bidiyonsa ko rubutunsa. Duk wanda ya latsa ya je ya sayi kaya, shagon zai biya mai tallan wani kaso na kuɗin. Wannan kason shi ne la'ada, ko kamasho. Amazon ya buɗe irin wannan tsari tun 1996, yau kuma da wuya a samu babban shagon intanet da ba shi da shi. Sau da yawa tsakanin shago da mai talla akwai kamfani na uku da ke riƙe da lissafi da rabon kuɗi, irin su Rakuten Advertising, Awin da Impact.

Yaya shago ke sanin wanda ya turo mai saye? A nan kuki ke shigowa. Kuki ɗan guntun rubutu ne da shafin intanet ke ajiyewa a cikin burauzar mutum, wato manhajar da yake buɗe shafuka da ita, kamar Chrome, Firefox ko Edge. Idan ka latsa mahaɗin mai talla, kukin zai riƙe lambarsa na wani lokaci. A Amazon awa 24 ne, a shaguna da yawa kwana 30. Ranar da ka biya kuɗi, shagon zai duba kukin ya ga sunan wa ke ciki. Shi ne littafin tasha. Bambancin kawai, littafin nan yana cikin na'urar mai saye, kuma mai sayen ba ya ganinsa.

Sai manhajar neman ragi. Ƴar ƙaramar manhaja ce da ake liƙa wa burauza. Aikinta, kamar yadda ake tallata ta, shi ne idan ka zo wurin biya ta gwada maka lambobin ragi, abin da a nan aka fi sani da kod furomo, ta zaɓa maka wanda ya fi sauƙaƙa farashi. Kyauta ake sauke ta. Domin ta yi wannan aiki, tana neman izinin karantawa da sauya abin da ke shafukan da kake buɗewa. Mutane kan ba da izinin nan da latsawa ɗaya, ba tare da sun karanta ba.

Kalma ta ƙarshe ita ce cibiyar rigimar: ƙa'idar latsawar ƙarshe. Idan mai saye ya bi ta hannun masu talla biyu ko uku kafin ya biya, yawancin shaguna na ba da la'ada gaba ɗaya ga wanda aka latsa mahaɗinsa a ƙarshe. Ba rabo, ba tambayar wa ya fi wahala.

Daƙiƙar da ake sauya suna

A ɗauki misali. Wata ɗaliba a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo tana yin bidiyo da Hausa da Faransanci kan wayoyi da fitilun sola. Ta kwana uku tana gwada wata fitila, ta ɗauki hoto, ta tace, ta sayi data da kuɗinta ta ɗora. Wani ɗan Maradi mazaunin Faransa ya kalla, ya gamsu, ya latsa mahaɗinta a kwamfutarsa don ya saya wa gida. A wannan lokacin kuki na ɗauke da lambarta. Ya zuba kaya a kwando, ya zo shafin biya. Nan manhajar ragi ta ɓullo a gefen allo, ta ce a latsa ta nemo rangwame. Ya latsa.

Abin da bai gani ba shi ne, a bayan fage manhajar ta buɗe wani ɗan shafi na ɗan lokaci, ta bi ta nata mahaɗin zuwa shagon, ta rufe. A idon kwamfutar shagon, wani sabon dillali ne ya kawo mai sayen yanzu-yanzu. An goge lambar ɗalibar, an rubuta ta manhajar. Ko an samu ragi ko ba a samu ba, la'ada ta koma can. Ita kuma ɗalibar, abin da za ta gani a lissafinta kawai shi ne an latsa mahaɗi amma ba a saya ba. Za ta ɗauka bidiyon ne bai yi kyau ba, ko masu kallonta ne ba su da kuɗi.

Wannan ɓoyuwar ce ta sa abin ya daɗe. Wanda aka yanke wa aljihu a kasuwa yana ji a jikinsa. Wanda aka hana kuɗin da bai taɓa gani ba, bai ma san akwai abin da zai yi kuka a kai ba.

Honey, PayPal da bidiyon Disamba 2024

Ryan Hudson da George Ruan ne suka kafa Honey a Los Angeles a 2012. A Nuwamba 2019 PayPal ya sanar da sayensa kan kusan dalar Amurka biliyan 4, aka kammala cinikin a Janairu 2020. (Mai karatu a nan gida ya lura: dalar Amurka ake nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Kuɗin ya haura sefa biliyan 2,000.) Wannan adadi kaɗai ya isa ya sa a yi tambaya: manhajar da ba a biyan ko sisi wajen sauke ta, me take samu har ta kai haka? Ruwa ba ya tsami banza. Amsar ita ce la'adar da shaguna ke biyanta, da kuma bayanan yadda mutane ke sayayya. Tun a ƙarshen 2019 Amazon ya gargaɗi masu amfani da shafinsa cewa manhajar na bibiyar sayayyarsu, ya shawarce su su cire ta, ko da yake wasu sun ga gargaɗin a matsayin kishin kasuwa tsakanin manyan kamfanoni biyu.

Honey ya yi suna ne ta bakin manyan masu bidiyo na YouTube, irin su MrBeast, Marques Brownlee da Linus Tech Tips, waɗanda ya biya suka tallata shi ga mabiyansu. A ranar 21 ga Disamba 2024 wani mai bincike a YouTube daga New Zealand, da ake kira MegaLag, ya fitar da bidiyon da ya nuna yadda sauyin kukin ke faruwa, mataki-mataki, a kan allo. Ya nuna cewa wani lokaci ko maɓallin rufe saƙon “ba mu samu ragi ba” mutum ya latsa, sauyin na faruwa. Gwajin da ya fi yawo shi ne na kamfanin NordVPN. Ya yi sayayya ta mahaɗinsa na kansa ba tare da Honey ba, aka biya shi dalar Amurka 35. Ya sake yi, ya latsa tsarin da Honey ke ba mai saye ɗan tukuici a wurin biya, bai samu komai ba a matsayin mai talla. A matsayin mai saye kuma aka ba shi tukuicin da ya yi daidai da santi 89, wato ƙasa da dalar Amurka ɗaya. A kuɗinmu, jaka ashirin da ƴan kai sun tafi, an dawo da kimanin sefa 550, abin da a kasuwa za a ce dala ɗari da goma.

Abin da ya fi ƙona wa masu bidiyon rai shi ne su da kansu suka sa mabiyansu suka sauke manhajar. An biya su sau ɗaya don talla, daga nan duk mahaɗin da suka sa nan gaba yana iya faɗawa hannun wanda suka tallata. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Tushen matsalar ya girmi Honey

Sauya kuki don karɓar la'adar da ba a yi wa aiki ba tsohon abu ne. A 2014 kotun Amurka ta ɗaure Shawn Hogan da Brian Dunning, manyan masu tallan kasuwar intanet ta eBay, saboda cusa kukinsu cikin kwamfutocin mutanen da ba su latsa komai ba. Bambancin shari'ar tasu da ta yanzu shi ne, a wancan karon mai saye bai taɓa komai ba, a wannan karon kuwa ya latsa wani abu da hannunsa. A kan wannan latsawar manhajojin ke kafa hujjarsu.

Me ya sa shaguna suka zaɓi ƙa'idar latsawar ƙarshe tun farko? Saboda sauƙi. Auna wanda ya fi tasiri a zuciyar mai saye abu ne mai wuya, ganin wanda ya zo a ƙarshe kuwa kwamfuta na yi cikin ƙiftawar ido. Lokacin da aka kafa ƙa'idar, duk masu talla a wajen shago suke, suna gasar turo mutane. Ba a yi tunanin ranar da wani dillali zai zauna a cikin burauzar mai saye, ya jira shi a bakin akwatin biya ba. Wanda ke zaune a wannan wuri kullum shi ne na ƙarshe. Gasar ta ƙare tun kafin a fara.

Kamfanonin da ke riƙe da lissafi sun gane haka, shi ya sa da yawansu suka sa sharaɗin janyewa: idan manhaja ta ga wani mai talla ya riga ya kawo wannan mai sayen, ta yi shiru, kada ta sa nata mahaɗin. Daidai yake da ladabin kasuwar dabbobi a Dakoro ko Tasawa, inda dillali ba ya tsoma baki a cinikin ragon da igiyarsa ke hannun wani dillali. Sai dai a kasuwa idanun jama'a ne ke tsare wannan ladabi. A intanet manhajar ce ke tsaron kanta. A Disamba 2025 MegaLag ya sake fitar da bincike, yana zargin cewa an gina Honey yadda zai iya gane masu sa ido, ya bi ƙa'idar janyewa a gabansu, ya saki a gaban talakan mai saye. A Janairu 2026 Rakuten Advertising ya cire Honey daga tsarinsa.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

PayPal bai amsa laifi ba. Matsayinsa shi ne Honey kyauta ne, yana taimaka wa miliyoyin masu saye su samu sauƙi, yana taimaka wa shaguna su rage yawan mutanen da ke cika kwando su tafi ba su biya ba, kuma yana bin dokoki da al'adun sana'ar, har da ƙa'idar latsawar ƙarshe. Hujjar na da ƙafar tsayawa ta wani gefe. Gaskiya ne mutane da yawa na fasa saye a matakin ƙarshe, kuma ɗan ragi na iya tsayar da su. Idan manhaja ta samo rangwamen da ya sa mai shakka ya biya, ta yi aiki, kuma ba Honey ne ya ƙirƙiro ƙa'idar da ke biyan na ƙarshe ba.

Amma hujjar na raunana a wuri ɗaya: lokacin da ba a samu ragin komai ba. A nan babu aikin da aka yi wa mai saye, babu wanda aka yi wa shago, duk da haka la'ada ta sauya hannu. Bin harafin ƙa'ida daban, bin manufarta daban. Manufar la'ada ita ce sakamakon kawo ciniki.

Su ma masu bidiyon ba su fita tas ba. Sun gaya wa mabiyansu cewa abu kyauta ne, ba asara, ba tare da sun binciki inda kuɗin ke fitowa ba. Kamfanin Linus Tech Tips ya yanke hulɗa da Honey tun 2022 bayan ya gano yadda ake sauya mahaɗi, amma bai yi babbar shela ba, abin da ya jawo masa suka bayan maganar ta fito. Tambayar da wannan ya tayar ta wuce Honey: wanda jama'a suka amince da bakinsa, me ke wuyansa game da abin da ya tallata?

Shaguna kuwa sun kasu. Manya sun san da abin, wasu ma suna so, don suna ganin manhajar na hana mai saye fita neman ragi a wani wuri. Ƙanana suna kukan cewa suna biyan la'ada kan cinikin da dama ya riga ya faɗa, sannan lambobin ragin da suka keɓe wa ma'aikatansu ko tsofaffin abokan ciniki na tsallakewa su bazu ga kowa ta hanyar waɗannan manhajoji. Ga mai ƙaramin jari, ragi da la'ada a kan kaya ɗaya na iya cinye ribar gaba ɗaya.

Shi mai saye fa, me ya rasa?

Da yawa za su ce, “In dai na samu sauƙi, ina ruwana da wanda ya karɓi kamasho?” Zargi na biyu a binciken shi ya shafi wannan. An tallata Honey a matsayin mai nemo maka ragi mafi kyau da ke akwai. Amma shagunan da ke hulɗa da shi na da ta cewa kan lambobin da za a nuna. Shago na iya samun lambar ragin kashi 20 cikin ɗari a wani wuri, ya bar manhajar ta nuna ta kashi 5 kawai. Mai saye ya ga an ce an duba ko'ina, ya kwantar da hankalinsa, ya daina nema. PayPal da kansa ya ce shaguna ne ke yanke shawarar lambobin da za a bayar. Tun a 2020 wata hukumar sa ido kan talla ta ƴan kasuwar Amurka, National Advertising Division, ta tuhumi iƙirarin cewa Honey na samo duk wata lamba mai aiki a intanet, kamfanin kuma ya daina wannan tallan.

A harshen kasuwa, wannan dillali ne da ya ce maka naka ne, alhali mai kaya ke biyansa don ya tsayar da kai a farashin da mai kayan ke so. Dillali ya karɓa daga mai kaya ba laifi ba ne, haka ake yi ko'ina. Ɓoye wa mai saye gefen da kake shi ne matsalar. Ga mai karatu Musulmi ma'aunin sananne ne: malamai sun halatta dillanci a matsayin lada kan aikin da aka yi, hadisi ya hana mutum yin ciniki a kan cinikin ɗan'uwansa, wani kuma ya yi kakkausan gargaɗi kan algus, a ƙissar abincin da aka ɓoye jiƙaƙƙensa a ƙasa. Yadda waɗannan za su hau kan kuki da manhaja aikin malamai ne, amma tambayoyin ba baƙi ba ne a wurinsu.

Akwai kuma asarar da ba ta fitowa a rasit. Mai bidiyon da ke gwada kaya da gaskiya, da la'ada yake rayuwa. Idan ta ƙafe, ko ya daina, ko ya koma karɓar kuɗi kai tsaye daga kamfanoni don ya yabi kayansu. Mai saye ne zai rasa wanda zai gaya masa gaskiya.

Kotu da sabuwar dokar Google

A ranar 29 ga Disamba 2024 aka shigar da ƙara a kotun tarayya da ke arewacin California a madadin duk masu tallan da abin ya shafa. Cikin masu ƙarar akwai Wendover Productions, kamfanin bidiyon YouTube na Sam Denby, cikin lauyoyin akwai Devin Stone, mai tashar LegalEagle. Wasu ƙararrakin suka biyo baya, aka haɗe su wuri ɗaya. Wutar ta kuma tsallaka zuwa wasu masu irin wannan manhaja, ciki har da Capital One Shopping da Microsoft Shopping.

Sakamakon bai zo iri ɗaya ba. A Yuni 2025 alƙalin da ke sauraron ƙarar Capital One a jihar Virginia ya bar manyan sassanta su ci gaba. A ƙarar PayPal kuwa, a Nuwamba 2025 alƙaliya Beth Labson Freeman ta yi watsi da takardar ƙarar amma ta ba da damar a gyara a sake shigarwa. Ba ta wanke Honey ba. Abin da ta gani shi ne masu ƙarar ba su nuna yadda ya kamata ba cewa kuɗin da suke magana haƙƙinsu ne bisa yarjejeniyarsu da shagunan. Nan wahalar take. Nuna cewa manhaja na sauya kuki abu ne mai sauƙi. Nuna cewa ciniki kaza, ranar kaza, naka ne aka karɓe, yana buƙatar lissafin da ke hannun wanda kake ƙara.

Abin da ya fi saurin tasiri bai fito daga kotu ba. A Maris 2025 Google ya sabunta dokar rumbun manhajojin Chrome: manhaja ba za ta sa mahaɗi, lamba ko kukin la'ada ba sai tana ba mai amfani wata fa'ida ta zahiri a wannan lokacin, kamar ragi ko maido da wani kaso na kuɗi, sai mai amfani ya yi wani abu da hannunsa, kuma sai an bayyana masa tsarin tun kafin ya sauke. An fara aiwatarwa a ranar 10 ga Yuni 2025. Masu amfani da Honey a Chrome, da suka kai kusan miliyan 20 kafin bidiyon, sun ragu da kimanin miliyan 3 cikin ƴan makonni, raguwar kuma ta ci gaba.

Dokar Google ta toshe ƙofa ɗaya, ta karɓar la'ada ba tare da ba da komai ba. Ba ta taɓa ƙa'idar latsawar ƙarshe ba. Manhajar da ta ba mai saye tukuicin sefa 500 ta karɓe jaka 20 na mai talla tana iya cewa ta ba da fa'ida.

Ina abin ya shafi Maradi?

Kai tsaye, ba sosai ba, kuma ya kamata a faɗi haka. Yawancin mutane a nan da wayar Android suke shiga intanet, Chrome na Android kuma ba ya karɓar irin waɗannan manhajojin liƙawa. Sun fi aiki a kwamfuta, da Safari na iPhone, da Firefox. Cinikin intanet na garin nan ma ya fi gudana a WhatsApp, Facebook da TikTok: a ga atamfa ko turare a hoto, a yi ciniki da murya, a tura kuɗi ta Nita, Amana, Al Izza ko asusun waya, a sa kaya a motar Yamai ko ta Agadas. Babu kuki a wannan hanya.

Amma akwai rukuni uku da ya kamata su buɗe ido. Na farko masu talla da mahaɗin shagunan waje irin su Amazon da AliExpress, ko shagunan Najeriya, ko masu sayar da darussa da manhajoji. Sauyin kukin a na'urar mai saye yake faruwa, ba a ta mai talla ba. Wanda ke zaune a unguwar Zariya ko Ali Dan Sofo, mabiyansa masu ƙarfin saye kuma suna Turai, Amurka, Legas ko Abuja da kwamfuta a gabansu, yana cikin haɗarin daidai da kowane mai bidiyo a duniya. Bambancin shi ne ba shi da lauya a California, kuma abin da wani zai kira canji, shi kuɗin cefanen wata ne a wurinsa.

Na biyu ƴan kasuwar da ke oda daga waje da kwamfuta, da ɗalibai da ma'aikatan da ke sauke duk manhajar da aka ce kyauta ce. Manhajar da ke da izinin karanta shafukanka tana ganin abin da kake nema, farashin da kake saye, da wurin wanda kake saye. Ga ɗan kasuwar Maradi, wanda ya gaji sanin cewa ba a nuna wa kowa hanyar da kaya ke fitowa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Hannun hukumomin Nijar kuwa ba zai kai ga kamfanin da ba shi da ofis a ƙasar cikin sauƙi ba. Kariyar da ta fi kusa ita ce a buɗe jerin manhajojin da ke liƙe a burauza, a cire wadda ba a san aikinta ba.

Na uku masu shagunan da suka fara ba samari da ƴan mata kamasho don su tallata musu kaya a waya. Su ma suna fuskantar tambayar da ta haifi rigimar Honey, ko da ba kwamfuta a tsakani: mutum ya ga kaya a bidiyon wance, ya tambayi wane a WhatsApp, ya zo shago wani yaro ya tare shi a ƙofa. Wa za a ba? Mai shagon da ya ce na ƙarshe, ya kafa ƙa'idar latsawar ƙarshe da hannunsa, kuma zai ga abin da ta haifar a can: masu wahalar jawo mutane daga nesa za su ja baya, masu tsayuwa a bakin ƙofa su yawaita.

Ga mai talla, akwai dabarun da ke rage asara ko da ba su kawar da ita ba. Lambar ragi mai ɗauke da sunansa, wadda shago ya amince duk cinikin da aka yi da ita nasa ne ko da kuki ya ce wani abu daban, ta fi mahaɗi tsira, sai dai ita ma tana iya bazuwa. Kafin ya shiga tsarin wani shago, ya karanta ko suna da sharaɗin janyewa, da tsawon kwanakin kukinsu. Ya riƙa kwatanta yawan latsawa da yawan ciniki wata-wata, don faɗuwar da ba ta da dalili alama ce. Yana iya roƙon mabiyansa su kashe manhajar ragi in za su saya ta hannunsa. Inda kuma yake da bakin magana da mai kaya, ya nemi a biya shi wani abu tsayayye kan aikin bidiyon, la'ada ta zama ƙari. Wasu shagunan waje sun fara raba la'ada tsakanin wanda ya fara kawo mai saye da wanda ya rufe cinikin, ko su hana manhajojin ragi karɓar komai idan wani ya riga su. Mai shago a babbar kasuwar Maradi na iya yin irin wannan da littafi da biro: ya tambayi mai saye a ina ya fara ganin kayan, ya rubuta sunan kafin ya karɓi kuɗi.